Ciwon Sukari da Aikin Jiki: Darasi ga Hakimai da Malamansu

Ciwon sukari shi ne taruwar sukari cikin jini, saboda insulin, watau abin da ke buɗe wa sukari hanya ya shiga tsoka, ya yi ƙaranci ko kuwa jiki ya daina jin sa. Binciken da likitoci suka yi tsakanin Fulanin Sakkwato, aka buga cikin 2011 da 2013, ya sami kusan mutum 5 cikin 100 da ciwon a birni, amma a ƙauye ko 1 cikin 100 bai cika ba. Cikin abubuwan da ke jawo shi akwai ƙiba da yawan zama.

Yanzu kuwa zaman nan ya iso ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo. Kabu-kabu ya rage tafiyar ƙasa, injin ban ruwa ya kori jigo, injin niƙa ya hutar da turmi. Hakimi da ke wuni zaune a fada, da malamin da ke wuni kan tebur, sun fi manomin fadamar Rima kusa da wannan ciwo.

Aikin jiki magani ne, amma ba kowane aiki ke yi wa sukari abu guda ba. Iri uku ne.

1. Aiki mai sauƙi mai daɗewa, kamar tafiya da hanzari, da tuƙa keke, da cirar ciyawa a gonar albasa. Tsokar da ke motsi takan janye sukari daga jini ko da insulin kaɗan ne, saboda haka sukari yakan sauka tun ana cikin aikin. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin tuwo ko shinkafa takan rage hawan da sukari kan yi bayan abinci.

2. Aikin ƙarfi, kamar jan guga, da daka, da ɗaukar kaya gwargwadon hali. Wannan bai cika saukar da sukari nan take ba, amma yakan ƙara tsoka, ita kuwa tsoka rumbun sukari ce. Amfaninsa sai a hankali yake bayyana.

3. Aiki mai tsanani na ɗan lokaci, kamar gudu da iyakar ƙarfi, ko kokawa. A nan hanta takan zubo ajiyarta cikin jini, sai sukari ya hau maimakon ya sauka. Hawan ba ya daɗewa, yakan sauka daga baya. Don haka kada mutum ya ƙara wa kansa magani ba da izinin likita ba.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na irin na farko cikin mako, watau minti 30 a kwana 5, ya haɗa da aikin ƙarfi sau 2. Kada mai ciwon ya wuce kwana 2 a jere bai motsa ba, gama amfanin aikin yau ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu.

Inda hatsari yake

Wanda ake yi wa allurar insulin, ko mai shan ƙwayar glibenclamide, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa da 70 a ma'aunin da ake soka yatsa, ko yana cikin aiki, ko da dare bayan ya kwanta. Alamunsa su ne rawar jiki, da gumi, da yunwa, da jiri, da ruɗewar magana. In yana iya haɗiya, a jiƙa masa sukari ƙaramin cokali 3 ko 4, a sake bayan minti 15 in bai warware ba. In ya suma, kada a ɗura masa kome, a kai shi asibiti. Mai shan metformin kaɗai ba safai wannan ke samunsa ba.

In ma'auni ya haura 250, ga amai ko kasala, ba ranar aiki ba ce, ranar ganin likita ce.

Da bazara a yi aiki da sassafe ko bayan la'asar, a sha ruwa da yawa. Da azumi a guji aiki mai nauyi kafin shan ruwa. Tsayuwar asham ma motsa jiki ce. Mai ciwon kada ya shiga gona ko fadama ba takalmi, ya kuma duba ƙafafunsa kowane dare, domin ciwon yakan kashe jin zafi, har ƙaya ta zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa.

Abin da ake so

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan ga dagatai da masu unguwa. Malamai su bayyana wa jama'a cewa aikin jiki ba ya ɗauke wa mutum shan magani, kuma kowa ya shawarci ma'aikacin asibiti kafin ya soma. Wanda ciwonsa ya gagara a gida, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Talakawa dai abin da suka ga shugaba yana yi shi suke bi. In hakimi ya tafi masallaci da ƙafa, ba wanda zai ga tafiyar ƙasa ƙasƙanci ce.