Wa zai yi tafinta a gaban likita?

Ba duk wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Shanga da Ngaski ne ke iya faɗin damuwarsa da Hausa ba. Matar Kambari ko ta Gungawa za ta yi ciniki da Hausa a kasuwar Yauri, amma firgici da mugun mafarki sai da harshen gida.

In za ku kai ta asibiti, kada ɗanta ko mijinta ya yi tafinta, musamman in an ci zarafinta. Kunya za ta rufe mata baki. A nemi amintacciyar mace daga wani gari, mai riƙe sirri, ta faɗi abin da ta ji, ba ragi ba ƙari, ko maganar aljanu ce. Likita kuma ya fuskanci majinyaciyar yayin tambaya.