Zaɓen Katin Hoto Domin Wasannin Kwamfuta A Kan Manhajar Linux

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abubuwan da ya kamata mai amfani da Linux ya lura da su kafin ya sayi katin hoto domin wasa. Linux babbar manhaja ce ta sarrafa kwamfuta wadda Linus Torvalds ya fara ginawa a ƙasar Finlan a shekarar 1991. Ana kiran ta buɗaɗɗiya saboda kowa yana da ikon duba rubutun da aka gina ta da shi, ya kuma gyara. Shi kuwa katin hoto, shi ne ɓangaren da yake zana duk abin da ido yake gani a fuskar kwamfuta. Kati ne mai tsada, kuma wanda ya yi kuskuren zaɓe ya yi asarar dukiya.

Matsayin Direba

Kati ba ya aiki shi kaɗai. Tilas ne a sami wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ita ce tafinta tsakanin katin da babbar manhaja. Kome ƙarfin kati, in tafinta bai iya aikinsa ba, wasa zai riƙa sarƙewa. Saboda haka a Linux ana fara tambayar direba ne kafin a tambayi ƙarfi.

Kamfanoni Uku

Kamfanoni uku ne suke ƙera ƙwaƙwalwar waɗannan katuna, wato AMD da Nvidia da Intel.

Direban AMD buɗaɗɗe ne. Tun shekarar 2015 aka shigar da shi cikin kanel, wato zuciyar Linux, sauran aikin kuma tarin manhajojin Mesa ne yake yi. Ma'ana, da zarar an ɗora Linux, katin zai kama aiki ba tare da neman wani abu ba. Na'urar wasa ta Steam Deck da kamfanin Valve ya fitar a 2022 da Linux take aiki, kuma ƙwaƙwalwar AMD ce a cikinta, wanda hakan ya sa ma'aikatan da Valve yake biya suke taimakawa wajen inganta wannan direba.

Katunan Nvidia suna da ƙarfi ƙwarai, amma kamfanin ya daɗe yana rufe direbansa, har Torvalds ya fito fili ya soki halinsa a 2012. A 2022 kamfanin ya buɗe ɓangaren da ya shafi kanel ga sababbin katunansa, sai dai sauran yana nan a rufe. Don haka mai saye shi ne zai ɗora direban, kuma wani lokaci sabunta kanel yakan jawo matsala sai an sake daidaita su.

Shi kuwa Intel, a 2022 ya fitar da katunansa na wasa masu suna Arc. Direbansu buɗaɗɗe ne, amma katunan ba su kai manyan na sauran biyun ƙarfi ba.

Sauran Abubuwan Lura

Na farko, mafi yawan wasanni domin Windows aka yi su. Manhajar Proton da Valve ya fitar a 2018 ita ce take fassara su zuwa Vulkan, harshen zane da Linux take ji. Ke nan dole katin ya iya Vulkan sosai. Na biyu, sabon kati na AMD ko Intel yana bukatar sabon kanel da sabuwar Mesa, tsohuwar Linux ba za ta gane shi ba. Na uku, a duba girman ma'ajiyar katin, da yawan wutar da yake sha, da ko zai shiga akwatin kwamfutar. Na huɗu, wasanni irin su Fortnite da Valorant ba a buga su a Linux saboda tsarinsu na hana maguɗi, kuma babu katin da zai warware wannan.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa wanda wasa kawai ya dame shi, kuma yake son kwanciyar hankali, katin AMD ya fi dacewa da shi. Wanda kuwa yake da wani aiki da sai Nvidia, to ya saya da sanin hidimar da take biye, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.