Babban Allon Kwamfuta: Ko Ƙara Masa Gudu Yana Biyan Kuɗinsa?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shiga Computer Village da ke Ikeja don a haɗa masa kwamfutar tebur, ya san cewa dillalai kan nuna masa babban allo iri biyu, ɗaya mai rahusa, ɗaya kuwa mai tsada, wanda za a ce masa ana iya ƙara masa gudu. Wannan darasi zai duba ko ƙarin kuɗin yana da amfani.

Babban allo shi ne faifan da ake dasa ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato firosesa, da sauran kayan aiki a kansa. Gudun firosesa kuwa lissafi ne mai sauƙi: ana ninka bugun tushe, wanda yawanci megahaz 100 ne, da wata lamba. Idan lambar 50 ce, gudun ya zama gigahaz 5. Ƙara gudu shi ne ɗaga wannan lamba sama da yadda masana'anta ta tsara.

Amma fa ba kowane allo ne ke yarda da hakan ba. A ɓangaren Intel, sai allo mai harafin Z, kamar Z790 na shekarar 2022, tare da firosesa mai harafin K. A ɓangaren AMD kuwa, alluna masu harafin B da X duk suna yarda. Bayan harafi, abin da ya kamata mai saye ya duba shi ne sashen da ke rage wutar bolt 12 zuwa ƙasa da bolt ɗaya da rabi da firosesa ke sha. Idan ƙarafan sanyaya wannan sashe ƙanana ne, da zarar ya ɗau zafi sai kwamfutar ta rage gudu da kanta.

A da can ribar tana da yawa. A shekarar 1998, masu firosesa Celeron 300A kan ɗaga ta daga megahaz 300 zuwa 450, wato ƙarin kashi 50 cikin ɗari ba tare da kashe ko kwabo ba. Yanzu kuwa masana'antu sun riga sun tatse kusan dukkan gudun. Core i9-13900K tana kaiwa gigahaz 5.8 da kanta, tana kuma shan wat 253.

Ga lissafin da ya shafi aljihu. Idan aka ƙara gudu da kashi 10, aka kuma ƙara ƙarfin wuta da kashi 10, shan wuta zai ƙaru da kusan kashi 33. Wannan nauyi ne ga mai biyan kuɗin lantarki ko man janareto, balle a lokacin bazara. Har ila yau, garanti ba ya ɗaukar lalacewar da ƙara gudu ya jawo. A shekarar 2024 ma, Intel ta amince cewa yawan ƙarfin wuta ya raunana wasu firosesocinta, ko da ba a taɓa su ba.

Saboda haka, mai aikin lissafin kuɗi da wasiƙu ya sayi allo matsakaici, ya sa ragowar kuɗin a na'urar daidaita wuta da fanka mai kyau. Mai tace bidiyo, wanda kowane minti kuɗi ne a wurinsa, shi ne kaɗai zai iya fanshe tsadar allo mai harafin Z.