YADDA AKE HAƊA ƁARI BIYU NA ƘARAMIN JIRGI MAI NUTSO

Mu mutanen Dingyaɗi muna nesa da teku, amma wannan bai hana ɗalibi ƙera ƙaramin jirgi mai nutso wanda zai yi tafiya a cikin durom ko kududdufi ba. Gangar irin wannan jirgi ɓari biyu ce, sama da ƙasa, kamar an kifa ƙwarya a kan ƙwarya. Wurin haɗa su ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci.

Da yawa sukan shafe bakin da gam su manne shi gaba ɗaya. Wannan kuskure ne, domin ranar da batir ya mutu sai an fasa jirgin. Maƙera irin waɗannan jirage sukan yi ganga biyu. Ta ciki guntun bututun roba ne irin na famfo, mai murfi a kowane gefe. A nan batir da inji suke zama, kuma ko ɗigon ruwa bai kamata ya shiga ba. Ta waje, wato ɓarin nan biyu, riga ce kawai. Ruwa yana shiga cikinta yana fita.

Ga yadda za mu yi:

1. Mu manna ƙananan harsuna na roba a bakin ɓarin ƙasa daga ciki, domin na sama ya zauna daidai ba ya zamewa.
2. A goshi mu yi ƙugiya wadda ɓarin sama zai saƙala. A wutsiya kuwa sukuru ɗaya ya isa, amma na tagulla, don na baƙin ƙarfe tsatsa zai yi.
3. Mu huda ramuka a ƙasa don ruwa ya shiga, a sama kuma don iska ta fita. In iska ta maƙale, jirgi ba zai nutse ba.
4. Kowane murfi na bututun ciki mu sa masa zoben roba.
5. Kafin mu sa batir, mu cusa busasshiyar auduga a ciki, mu danne bututun a gindin durom ya kwana. In da safe audugar ta jiƙe, da sauran aiki.

Kada mu raina ruwa. A zurfin mita 1 kaɗai, murfi mai faɗin santimita 10 yana ɗauke da nauyin kusan kilo 8. Wannan nauyi ciki yake tura murfin. Abin da ke turo shi waje shi ne ranar bazara irin tamu ta ƙasar Sakkwato: iskar ciki takan kumbura ta ɓalle murfi. Saboda haka mu ɗaure shi da waya, mu ajiye jirgi a inuwa.

Namu jirgin in ya yi yoyo batir kaɗai muka rasa. A manyan jirage rayuka ne. A 1963 jirgin yaƙin Amurka mai suna Thresher ya nutse da mutum 129, kuma masu bincike sun fi zargin mahaɗar wani bututu. A 2023 matsin ruwa ya murƙushe Titan da mutum 5 a hanyarsu ta zuwa ganin gawar jirgin Titanic.

Ko Nuhu, kamar yadda muka karanta a Farawa sura 6, an umarce shi ya shafe jirginsa ciki da waje. Gefen da ido ba ya gani ma sai an gyara shi. Mu riƙe wannan a aji, da gida, da ikilisiya.