FILIN MANOMA: Itacen Gona Amana Ne

Ga bazara ta kawo kai, manoma sun fara sharar gona. Al'adar da yawa daga cikinsu ita ce su sassabe duk wani toho da suka tarar, su tara kirare a kan kututture su banka wuta, wai don gona ta yi fes. Darasin wannan mako a kan wannan al'ada ne, gama ɓarnar da ta ke yi ba kaɗan ba ce.

Ƙasa amana ce Allah ya danƙa wa ɗan Adam. Wanda ya gaji gona daga ubansa, lalle ne ya bar wa ɗansa ita da ƙarfinta. Malamai kuwa suna karantarwa, duk itacen da mutum ya raya, mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga gare shi, sadaka ce ga mai shi.

Amfanin itace a gona

Sa'ad da gona ta zama fili fetal, iska ta kan kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai taki. Iskar hadari kuma ta kan tura rairayi ya binne ƙananan shuka, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku, iri ya salwanta, damina ta yi nisa. Itace ya kan rage ƙarfin iska, saiwoyinsa su riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta, ganyensa ya ruɓe ya zama taki.

Gawo ya fi kowane itace kirki ga manomi. Da damina ya kan kaɗe ganyensa, saboda haka ba ya tare wa gero da dawa rana. Da rani ya yi ganye, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya kan fi na sarari kyau. Mutanen da sun san haka. Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare gawo.

Abin da ya faru a ƙasar Maraɗi

Bayan farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, gonakin ƙasar Maraɗi sun kaɗe ƙwarai. Aka yi ta dashen itatuwa, amma yawancinsu suka mutu saboda fari da awaki da gara. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura tsire-tsiren da a ke sassabewa kowace shekara toho ne na tsofaffin itatuwa, saiwoyinsu na nan da rai cikin ƙasa. Da yunwar 1984 ta zo, aka ba manoma taimakon abinci bisa sharaɗin su bar toho a gonakinsu. Waɗansu suka sare bayan taimako ya ƙare, amma waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya. Bayan shekara 20 da 'yan kai, masu bincike suka ƙiyasta an raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram. Ba a sayi iri ba, ba a yi ban ruwa ba.

Yadda a ke yi

1. Kafin shara, manomi ya zaga gonarsa ya duba kututturan da suka yi toho: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya da sauransu. Ya zaɓi waɗanda ya ke so.

2. A kowane kututture ya bar toho 3 zuwa 5 masu ƙarfi, miƙaƙƙu, ya yanke sauran.

3. Ya yi yankan da adda ko wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya saluɓe.

4. Ya rage rassan ƙasa har zuwa rabin tsawon tohon. Kada ya aske shi duka, gama iska ko dabba sai su karya shi.

5. Ya ɗaura tsumma a jiki, alama ce wadda za ta nuna wa masu itace da makiyaya wannan da mai shi.

6. Ya komo bayan wata 3 ko 4 ya sake gyarawa. Kowace shekara ya iya sare toho guda don itacen wuta, ya bar mafi kyau ya girma.

Itace 16 a eka guda, watau kamar 40 a hekta, ya isa a fara da shi. Kada kuma a kunna wuta kusa da kututture.

Uzurin masu ƙi

Wani zai ce inuwa ta kan hana hatsi. Maganin wannan sassabe rassa ne kafin shuka, rassan kuwa uwargida ta samu na girki, ta huta da ƙona kara da kashin shanu waɗanda gona ke bukata. Wani zai ce ɓarayin itace za su sare masa. Wannan gaskiya ne, mutum guda kuwa ba ya iya tsarewa. Sai dagaci da masu unguwa su tara manoma da makiyaya da mata masu itace, a yi sharaɗi, a sa tara ga wanda ya keta.

Wanda ya fara bana, cikin shekara 3 ko 4 zai ga itace ya fi shi tsawo a inda da ya ke ƙonawa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.