Hukuncin Su da Kiwon Kifi: Darasi Daga Bakin Kwara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ranar da muka zo babin tsarki a makaranta a nan Kamba, mun karanta hadisin Abu Huraira wanda Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya bayyana tsarkin ruwan teku da halaccin abin da ya mutu a cikinsa. Sai wani almajiri, ɗan masunta daga wajen Dole Kaina, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tun da mushen ruwa halal ne, ashe ke nan wanda ya zuba gamalin a tafki ya kwashe kifin da ya taso bai yi laifi ba?" 'Yan'uwansa suka yi dariya. Ni kuwa ban yi ba, gama na san manya da yawa a kan wannan fahimta suke.

To, a nan mas'ala biyu ce aka cakuɗa. Akwai hukuncin kifi, akwai kuma hukuncin hanyar da aka bi aka kama shi. Ta farko ba ta da wuya. Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta farautar ruwa da abincinsa a Suratul Ma'ida, aya ta 96, ya kuma lissafa ɗanyen naman da ake fitarwa daga teku cikin ni'imominsa a Suratun Nahli, aya ta 14. Kifi ba ya bukatar yanka. Amma guba ita ce ke ɓata lamarin, domin abin da zai cuci jiki haramun ne a ci, haramun ne a sayar wa wani. Gamalin maganin ƙwarin gona ne mai daɗewa a jikin abin da ya sha shi, har ma a 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda za a daina amfani da su.

Mas'ala ta biyu ita ce abin tsayawa. Hadisi ya zo a littafin Abu Dawuda cewa Musulmi sun yi tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta. Kifin kogi ba mallakar kowa ba ne sai wanda ya kama shi, wannan haka yake. Amma kogin da ke haifar da kifin na jama'a ne, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Kuma ƙa'idar shari'a sananniya ce, ba a cuta, ba a rama cuta da cuta.

Domin a gane inda cutar take, sai a san yadda Allah ya tsara rayuwar kifi a Kogin Kwara, wanda ake kira Neja. Kogin ya taso daga duwatsun Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Binin, kana ya shigo Nijeriya ta wajen Dole Kaina da Lolo, ya gangara ƙasar Bagudo zuwa Yawuri. Sau biyu yake cika a shekara a wannan yanki. Akwai farin ruwa na damina, akwai kuma baƙin ruwa mai isowa da hunturu, watau ruwan saman Gini da ya yi watanni a hanya. In ruwan damina ya malala cikin fadamu, sai tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da sauransu su bi shi su zuba ƙwai cikin ciyawa. A nan 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya, har ruwa ya janye su koma kogi. Saboda haka wanda ya ja gidan sauro a bakin fadama ya cika kwando da kifin da bai kai ɗan yatsa ba, kamun baɗi ya kwashe, nasa da na maƙwabcinsa. Mai guba ya fi shi ɓarna, don shi bai bar ƙwai ba, bai bar ƙwarin da kifi ke ci ba, ga kuma shanun Fulani da matan da ke ɗiban ruwa a wannan tafki.

Wasu na cewa arzikin ruwa ba ya ƙarewa, na Allah ne. Lalle na Allah ne, amma Allah ya ɗora shi a kan sababi, kamar yadda manomin da ya cinye iri ba zai zargi damina ba. Masana sun auna abin a kusa da mu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, kifi ya yi yawa a tafkin, har aka kama kimanin tan dubu 28 a 1971. Shekarun 1970 ba su ƙare ba sai da kamun ya kasa rabin haka. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Busa ta daɗe tana bin diddigin wannan tafki. A shekarun 1990, cikin wani aikin haɗin gwiwa da Jamus, bincike ya nuna cewa dala, komar nan mai ƙananan idanu da ake ja don kama warangi, tana haɗawa da 'ya'yan manyan kifaye masu yawan gaske. Dalilin hana ta a tafkin ke nan.

In mutum ya ce ai tafki ƙarami ne, to, ya dubi teku. A gabashin Kanada akwai wani kifi da ake kira kod, irin wanda ake busarwa a Norwe a kawo kasuwannin Kudu. Shekaru ɗaruruwa ana kamunsa har ana ganin ba zai taɓa ƙarewa ba. Da manyan jiragen su na zamani suka shiga, sai ya ƙare ƙaf, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba. A watan Yuli na 1992 gwamnati ta rufe kamunsa, mutum wajen dubu 30 suka rasa sana'a, ba a kuma sake buɗe shi ga 'yan kasuwa ba sai a 2024, shi ma da ƙayyadadden adadi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 1974 kashi 10 cikin 100 na garkunan kifin teku ne ake kama fiye da yadda suke hayayyafa, amma a 2021 abin ya kai kashi 37.7. Duk mai karanta aya ta 41 a Suratur Rum, wadda ta danganta bayyanar ɓarna a tudu da ruwa ga aikin hannun mutane, ya kamata wannan lissafi ya tsayar da shi.

Maganin kuwa ba baƙo ba ne gare mu. A fiƙihu akwai abin da ake kira hima, watau shugaba ya killace wuri don maslahar jama'a. Annabi (S.A.W.) ya killace Naƙi'u, Sayyidina Umar ya killace Rabaza. A Argungu ma, inda bikin kamun kifi ya samo sunansa tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ba don komi ake fitar da giwan ruwa ƙato daga Matan Fada ba sai don an hana taɓa wurin har ranar da aka buɗe shi. Saboda haka in Sarkin Ruwa ko hukuma suka rufe wani gurbi lokacin zuba ƙwai, ko suka hana koma mai ƙananan idanu, bin su wajibi ne, tun da ba saɓon Allah suka umurta ba. Masu kafa mamari da dare a wurin da aka rufe su ce ai su ba koma suka jefa ba, su tuna da mutanen alƙaryar bakin teku a Suratul A'arafi, aya ta 163. An hana su su ranar Asabar, sai suka yi dabara, malaman tafsiri suka ce suna kafa tarko tun Jumma'a su kwashe ran Lahadi. Ban ce dokar Sarkin Ruwa daidai take da umurnin Allah ba, amma halin wayon iri ɗaya ne. Abin da ya fi wuya a wurinmu shi ne iyaka. Kifi bai san Gaya ko Malanbil ko Lolo ba, kuma dokar da aka tsare a gaɓa ɗaya aka sake ta a ɗaya, ta zama hasara ga mai gaskiya kaɗai. Wannan aiki ne na sarakunan ruwa na ƙasashen uku su zauna tare, tun da yawancinsu dangin juna ne.

Sauran maganar kiwo. Halal ne, sana'a ce mai kyau, kuma a 2022 kifi da sauran dabbobin ruwa da aka kiwata a duniya sun kai tan miliyan 94.4, suka zarce waɗanda aka kamo a karo na farko. Sai dai kada mai kududdufi ya zaci ya rabu da kogi da teku. Abincin tarwaɗa na buhu yana ɗauke da garin kifi, kuma a gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya akwai masana'antu masu niƙa ƙananan kifayen da talakawa ke ci don a yi wannan gari. Haka kuma ruwan kududdufi mai wari in aka sake shi cikin rafin da mutane ke sha, an koma ga cutar da muka ambata.

Ana tambaya game da masu ba tarwaɗa mushen kaji. Wannan ya shiga babin jallala, dabba mai cin ƙazanta. Malikawa sun sauƙaƙa game da namanta, Shafi'awa sun karhanta, Hambalawa sun hana har sai an tsare ta a kan abinci mai tsarki. Ni dai ina ganin kazar da cuta ta kashe bai kamata a jefa ta cikin abin da mutane za su ci ba, ko da fatawa ta yi sauƙi.

Wajen ciniki kuwa, mai Risala, Ibn Abi Zaidin, ya hana sayar da kifin da ke cikin koguna da tafkuna, domin gararu ne, mai saye bai san abin da ya saya ba. Wanda ya ce wa dillali ya biya kaza ya ɗauki duk abin da ke cikin kududdufi, alhali ruwa ya rufe shi, ya faɗa cikin wannan hani. Sai a zubar da ruwan, a fito da kifin, a ɗora a ma'auni kowa yana gani, sa'an nan a yanke kuɗi. Allah shi ne mafi sani.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba ko akwai zakka a kan masunci da mai kiwon kifi.