Gyangyaɗi a cikin aji

A kowane aji ba a rasa ɗalibi ɗaya ko biyu masu gyangyaɗi tun da hantsi. Malam yana rubutu ga allo, kan yaro yana sunkuyawa. Sauran yara su yi ta dariya, a ce masa malalaci. Sau da yawa ba lalaci ba ne. Barcin dare ne bai ishe shi ba.

Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12 kowace rana. Babban mutum kuwa awa 7 ko 8 sun ishe shi. Cikin barci mai nauyi ne jiki yake fitar da sinadarin da ke sa yaro girma. Cikin barci kuma ƙwaƙwalwa take adana karatun da aka yi da rana. Don haka wanda ke tashi ƙarfe 6 na safe, ya kamata ƙarfe 9 na dare ta same shi bisa shimfiɗarsa.

To, me ke hana yara barci?

Akwai doguwar hira da kallon telebijin ko waya. Akwai shayi. Yaron da ya zauna a fadar samari bayan isha'i, aka miƙa masa kofi ɗaya, zai daɗe yana juyi bisa tabarma. Shayi da kafe da goro duk suna da wani sinadari mai suna kafeyin. Yana hana ido rufewa, kuma yana yin awowi cikin jiki kafin ya fita.

Da bazara, a watan Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ɗaki ba ya kwantuwa, sai a fito tsakar gida. A nan sai a share wuri, a kakkaɓe tabarma saboda kunama. Da damina sauro ne ke damun mutane. Sauron da ke kawo masassara da dare yake cizo. Maganinsa sange mai magani, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, a ɗinke inda ya yage.

Wani yaron kuma tsoro ne ke hana shi barci, tsoron kada ya yi fitsarin kwance. Ya san da safe za a doke shi, ko a tara masa yara suna kiransa amalala. Wannan ba daidai ba ne. Yaro ba da gangan yake yi ba. Mararsa ce take cika yana cikin barci, bai kuwa farka ba. Galibi ma gado ne: in an bincika, sai a tarar uba ko uwa sun yi suna ƙanana. Yawancin yara suna bari da kansu in sun ƙara girma. Duka ba ya tsayar da shi, sai dai ya ƙara wa yaro fargaba. Abin da ke taimako shi ne ya sha ruwa sosai da rana, ya rage da dare, ya yi fitsari kafin ya kwanta. Ranar da ya tashi shimfiɗa a bushe, a yaba masa. Amma in fitsarin yana zafi, ko da jini a ciki, a kai shi likita ba da jinkiri ba. Mai yiwuwa tsargiya ce, wadda ake ɗauka wurin wanka a tabki.

Wani lokaci yaro yakan farka ya ruga wurin uwarsa yana cewa: «Inna, wani abu ya danne ni, na kasa motsi!» Shi ne ake kira dannau. Ga yadda yake faruwa. Lokacin mafarki, ƙwaƙwalwa tana sa gaɓoɓin jiki su saki, don kada mutum ya aikata abin da yake gani. In ta farka kafin gaɓoɓin su farka, sai mutum ya ji kamar an ɗaure shi. Ba ya wuce ƴan mintoci, kuma ba ya kisa. Ya fi kama wanda bai samu isasshen barci ba, da mai kwanciya rigingine.

Ƙwayoyin sa barci da ake talla a kasuwa ba na yara ba ne. In yaro ya yi makonni ba ya barci, ko numfashinsa yana tsayawa cikin minshari, ma'aikacin lafiya ne zai duba shi.

Kalmomi
barci: le sommeil
mafarki: le rêve
sange: la moustiquaire
tsargiya: la bilharziose

Tambayoyi
1. Yarinya ta kwanta ƙarfe 11 na dare, ta tashi ƙarfe 6 na safe. Awa nawa ta yi barci? Sun ishe ta?
2. Don me ba a dukan mai fitsarin kwance?
3. Wace alama ce ke sa a kai shi likita?